Talata, bangon falon Alhaji

Ruwan daren jiya ya yi mana rana. Ƙarfe bakwai muna gidan Alhaji ni da yaran aikina don gano ta inda ruwa ke shiga ginin, tun kafin bango ya sha iska shaida ta ɓace.

Yoyon saman bene bai ba mu wuya ba. Tabon silin ɗin ɗakin Hajiya a tsakiya yake, shi ya sa masu gyaran bara suka yi ta lafta kwalta a saman dakin, wato kankaren rufin bene, daidai wurin. Ruwa kuwa ba lallai ya ɗiga a inda ya shiga ba, yakan bi ƙarƙashin kankare ko bututun waya har ya samu mafita. Da saman ya tsane muka hau da tiyo, muka fara jiƙawa daga wuri mafi gangare, minti 15 a kowane yanki, yaro ɗaya yana ciki da tocila yana leƙe ta ramin fitila. In ka fara daga tudu ruwan zai malale ko'ina, ba za ka san ta ina ya shiga ba. Bakin indararo shiru. Tsakiya shiru. Muna kaiwa kusurwar da katangar saman ta haɗu da dakin sai ga ihu daga ƙasa. Fel ɗin, wato shimfiɗar kwalta mai hana ruwa shiga, a kwance ya ƙare, ba a naɗe shi ya hau jikin katanga ba. Za mu ɓamɓare shi, mu cike kusurwar da siminti ta yi gangare, in ta bushe a shafa ruwan kwalta, a manna sabon fel da wuta ya hau katanga aƙalla santimita 15, bakinsa a cusa cikin tsagi a liƙe. Inda fel ya hau kan fel, santimita 10. Daga nan a toshe indararo, a tara ruwa kwana biyu a gani. Hajiya har da aiko mana da kunun gyaɗa.

Falon ƙasa ne ya ɓata min yini.

Fenti ya kumbura daga ƙasa har kusan ƙugu, ka sa yatsa filasta ta zube kamar garin rogo, ga farin gishiri ya yi layi a saman tabon. Alhaji ya shigo da carbinsa ya ce, "Injiniya, kada ka wahalar da kanka a nan. Tayil zan manna ciki da waje har ƙirji, haka maƙwabcina ya yi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni minti goma."

Na fara da abin da ba shi ba ne. Ba famfo ba ne: jiya da yamma mun cika tanki, mun kulle kowane kan famfo, mun yi alama da alli, yau ruwa yana nan inda yake. Ba feshin ruwan sama ta taga ba ne, don wannan daga ƙasan taga yake farawa ya gangaro, namu kuwa daga ƙasa ya taso. Ledar da muka manna a daɓe da salatif jiya na ɗaga a gabansa, ƙarƙashinta ya yi gumi. Sai na ja shi waje, yaran suka cire intalok huɗu a gindin bango suka tona. Sai da muka yi kusan taƙi guda kafin mu ga bakin baƙar ledar da aka shimfiɗa a kan bulon fandisho don tare sanyi. Ledar nan a ƙa'ida santimita 15 take saman ƙasar waje. Tasa a binne take.

Na tambaye shi matakala nawa ƙofar falon take da su lokacin da ya tare. Ya yi shiru, ya ce biyu. Yanzu babu ko ɗaya. Da aka ɗaga titin layinsu ruwa ya fara shigowa gida, sai aka yi ciko da jar ƙasa aka shimfiɗa intalok a kai. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ta jingina da bulon da ke saman ledar, bulo kuma yana zuƙa. Ga indararon bene yana zuba daga sama daidai gindin bangon, ga intalok ɗin gangarensa gida yake kallo.

Na lissafa masa aikin. A cire intalok faɗin santimita 60 a tsawon bangon, a haƙa har ledar ta fito sarari da santimita 15, amma kada a tona ƙarƙashin fandisho. A kwantar da bututu inci 4 mai huji-huji, a ba shi gangaren santimita 1 a kowace mita, a rufe da tsakuwa zalla, ban da ƙasa. Tunda kwatar titi ta fi gidan tudu, bututun zai zuba a ramin tsotse ruwa da za a haƙa nesa da gini da mita 5 ko fiye. Indararo a haɗa masa bututu ya sauko har can. A ciki a sassaƙe filasta har santimita 30 sama da tabon, don gishirin da ke cikinta zai ci gaba da jan laima ko an tare ruwan. A bar bulo tsirara har iskar hunturu ta busar da shi, sannan a yaɓa sabuwa, siminti 1 yashi mai tsabta 3, da maganin hana shan ruwa. Fenti na ruwa, ban da mai mai.

Ya ce, "Biki saura sati uku. In tara mutane a falo bango tsirara?"

Gaskiyarsa, ban raina uzurin ba. Na ce a yi na waje yanzu, kwana huɗu ya isa, a ciki a rataya labule ko a kafa falanki da ɗan tazara iska ta riƙa ratsawa, bayan biki a ci gaba. Tayil kuwa toshe wa bango numfashi zai yi. Laimar da take fita a tsayin ƙugu za ta haura ta ɓullo a saman tayil, ruɓaɓɓiyar filastar kuma ba za ta riƙe shi ba, damina ɗaya ko biyu ya fara ƙara in an ƙwanƙwasa, ya ɓallo da ita.

"To, zan yi shawara."

Muna fita Baba mai gadi ya rage murya ya ce kwalayen tayil suna gareji tun Asabar.

Azahar a masallacin bakin titi. Kawu ya kira a kan kwanonsa, robobin kusoshi ne rana ta cinye, na ce a canza su duka, facin kwalta ba ya kai wata damina. Siminti bai iso ba.

Har yanzu abin yana cina. Akwai soket biyu a bangon nan, na buɗe ɗaya na ga akwatin ya yi tsatsa, kan wayar ya yi kore. Jikoki a nan suke rarrafe. In aka rufe da tayil ba wanda zai sake ganin alama, jiƙar kuwa tana nan a baya. Na tura wa babban ɗansa hotunan da bayani bayan isha'i, na roƙe shi ko ba za a yi komai ba a kira mai wuta gobe ya yanke layin soket ɗin nan biyu. Ya karanta, bai amsa ba tukuna. Da safe zan kira shi.