Tsarabar da Ta Ci Kuɗinta

Mu masu sayar da kayan tsaraba, yawancin cinikinmu da mai gaggawa muke yi. Jirginsa gobe ne, mutum 15 na jiran dawowarsa, kuma ko auna akwatinsa bai yi ba. A wannan halin ake kwasar tarkacen da za a karɓa da godiya, a jefa a lungu. Tsaraba tana da amfani ƙwarai, amma sai an zaɓe ta a tsanake.

Ka fara juya kayan ka duba ƙasansa. Maƙallan makulli, maganaɗisun firji da 'yan hasumiyoyin roba da suka cika biranen yawon buɗe ido, da yawansu daga masana'antun China suke, ta kasuwar Yiwu. Sunan gari kawai ake canzawa. Mu ma muna ajiye su don suna tafiya, sai dai bai kamata a sayar wa mutum su da sunan aikin hannu ba.

Aikin hannu ba ya ɓuya. Kwano biyu ba sa fitowa iri ɗaya sak, bayan saƙa kuma za ka ga ƙullin zare. Azurfa ta gari tana ɗauke da hatimin 925, kuma maganaɗisu ba ya kama ta, ko da yake hatimin ma ana yin na jabu. Yadi mai rini, ka jiƙa farin ƙyalle ka goga a gefensa. In ya ɗauki launi, zai zuba a wankin farko. Fatar da ba ta jemu ba wari take yi, kwana biyu a rufaffen akwati ta ɓata tufafi. Sassaƙa ita ce mai yawan ba da ciwon kai: in ba a bar itacen ya bushe ba, yana isa ƙasar da iskarta ta bushe sai ya tsage. In ka ga 'yan huji kamar na allura da gari a bakinsu, ƙwaro na ciki, kada ka saya.

Sai nauyi. Yawancin jirage kilo 23 suke ba akwati, jakar hannu kuma kusan kilo 7, kuɗin kilon da ya haura kan fi kuɗin tsarabar. A mafi yawan filayen jirgi, ruwa-ruwan da ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu, don haka turare da man shafawa su tafi babban akwati, an naɗe murfinsu da salatif an sa a leda biyu. Kofin tangaran a cusa masa safa, a naɗe hannunsa daban don nan yake karyewa, a sa shi tsakiya da tufafi kamar santimita 5 ta kowane gefe. Faranti a tsaye ake jera shi.

Akwai kayan da shagon kirki ba ya taɓawa. Yarjejeniyar CITES ta 1973 ta sa ido kan cinikin namun daji, a 1989 kuma aka yanke hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe. Ƙoƙon kunkurun teku ma haka, murjani da fatar kada kan buƙaci takardar izini. Ostireliya kuwa ko iri ko kayan itace sai ka bayyana su a filin jirgi.

Abin da na fi nuna wa mai saye shi ne wanda za a yi amfani da shi: sabulu, shayi a gwangwaninsa, gyale. Takalmi da zobe kuwa, in ba ka riƙe awon mai shi a rubuce ba, kada ka saya, don babu hanyar dawo da su a canza.