Khal ɗin tufa da ceri a gangar katako: ɗanɗanon wata na tara

'Yan'uwa masu koyo, mun buɗe gangunan nan biyu masu cin lita 10 kowacce, kuma abin da muka tarar ya isa a rubuta.

Ga waɗanda suka shigo daga baya: ruwan tufa ne, wato apul, zalla da aka matse, ba a dafa ba, ba a zuba yis na kanti ba. Yis ɗin da ke jikin ɓawo da na'urar matsa shi ya yi aikin farko, ya mayar da sukari barasa cikin sati huɗu, ma'aunin nauyin ruwa ya sauko daga 1.048 zuwa 1.000. Daga nan aka kwantar da gangunan a gefensu kamar yadda ake yi a Orleans ta Faransa, aka cika kashi biyu cikin uku, aka rufe ramukan iska da ƙyalle saboda ƙananan ƙudaje. Ƙwayoyin bakteriya da ake kira Acetobacter, waɗanda Louis Pasteur ya bayyana aikinsu a shekarun 1860, su ke cinye barasar su bar tsami, kuma ba sa yi sai da iska, sun kuma fi son ɗumi na wajen digiri 25 zuwa 30. A wata na huɗu aka jiƙa ceri mai tsami, giram 200 a kowace lita, tsawon sati shida a tulun gilashi, aka tace, aka mayar ganga.

A nan hanya ta rabu. Ganga ta farko an cika ta har baki an toshe. Ta biyu an bar ta da ramukanta a buɗe.

Kada ku kurɓi khal tsagwaronsa don ɗanɗano. Kurɓa ɗaya harshe ya mutu, sauran duk zato ne. Cokali ɗaya a cokali biyar na ruwa, a kofin gilashi mai tsukakken baki, a shinshina daga nesa tukuna.

Ta farko ja ce mai haske, garau. Ƙamshin ceri ne ke fara zuwa, a bayansa ɗan ƙamshin almon wanda ya fito daga ƙwallon. Mun bar ƙwallayen a ciki ba tare da fasa su ba, kuma haka ya kamata, don fasassu na sakin ɗaci da sinadarin da ba a so. Tsaminta yana da kaifi amma ba ya yakushin maƙogwaro, sai bauri kaɗan a ƙarshe daga itacen ok na gangar. Baurin nan ya kai iyakarsa. Ƙaramar ganga tana ba ruwa katako da sauri fiye da babba mai lita 225, saboda kowace lita tana taɓa itace da yawa, don haka wata uku zuwa huɗu bayan toshewa ya ishe ta.

Ta biyu ce abin takaici. Launin ya koma ruwan ƙasa, ƙamshin ceri ya gudu, tsamin ya yi lami. Uwar khal, wato fatar nan mai santsi da ƙwayoyin ke yi a saman ruwan, ta yi kauri kamar tafin hannu, wata ta nutse wata ta sake fitowa a sama. Masu koyo da yawa suna ganin kaurin uwa su yi murna, alhali alama ce ta cewa ƙwayoyin ba su huta ba. Idan barasa ta ƙare kuma iska na shiga, sai su juya kan tsamin da suka yi, su mayar da shi ruwa da iskar kabon.

Awo ya tabbatar. Ku ɗebi mililita 10, ku riƙa ɗiga ruwan sodiyam haidroksaid mai ƙarfin mola 1 (ma'aunin yawan sinadarin a lita) har na'urar pH, mai nuna matakin tsami, ta nuna 8.2, sannan ku ninka mililitan da ya ci da 0.6. Ganga ta farko ta ci 8.5, wato tsami kashi 5.1 cikin ɗari. Ta biyu ta ci 7.2, wato 4.3, bayan dukansu sun tashi daga wuri ɗaya. Ruwan gwaji mai canja launi ba ya amfani a nan domin jan ceri yana ɓoye shi. Haka kuma lambar pH ita kaɗai ba ta faɗin ƙarfi: khal mai kashi 4 da mai kashi 6 suna iya nuna lambobi kusa da juna. Duk wanda zai adana kayan lambu da shi, kada ya yarda da ƙasa da kashi 5.

Yaushe ake toshewa? Muddin kuna jin warin ruwan goge jan farce, akwai sauran barasa, a bar iska. Ranar da warin ya kwanta kuma awo biyu a tazarar sati ɗaya suka zo daidai, a cika a toshe.

Wani abu kuma: famfon ƙarfe ko ƙusa da ta taɓa ruwan tana haɗuwa da baurin itace ta baƙanta shi. Katako, gilashi ko ƙarfe marar tsatsa kawai.

Aikin satin nan: a zuƙe ta farko da tiyo ba tare da tayar da abin da ya kwanta ba, a ɗumama a digiri 65 na minti 30, a zuba a kwalabe har wuya. Ta biyu za a cire tsohuwar uwar, a ƙara mata lita 2 na sabon ruwan tufa da ya gama da yis, ta tiyo a ƙarƙashin fuskar ruwan, a sake awo bayan sati uku.