Na koma hawa keke bayan shekara 24

Rabona da ɗora ƙafa kan feda tun ina ajin ƙarshe na sakandare. Abin da ya dawo da ni kuwa kowa ya san shi, ƙarshen watan Mayun 2023 da aka cire tallafin mai lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin ƴan kwanaki, na zauna na lissafa abin da nake zubawa mota daga gida zuwa shago kullum, ga kuma likita ya daɗe yana min maganar hawan jini da zaman wuri ɗaya, sai kawai nace bari in nemi keke.

Niyyata Phoenix zan saya irin wanda muka sani, baƙi mai sanda. Ina zuwa wajen masu kekunan gwanjo sai idona ya faɗa kan wani shuɗi a jingine can gefe, tayoyinsa manya kamar na ƙaramin babur, jikinsa a lanƙwashe, kansa mai faɗi ya tanƙwaro baya wajen mahayi. Yaron yace Alhaji wannan kuruza ne, hau ka ji. Na hau na zaga sau ɗaya, bayana a miƙe kamar ina zaune kan kujera, ba sunkuyo ba ciwon wuya. Ban ƙara kallon sauran ba.

Daga baya ne na bi asalinsa. Ashe ƙirar Amurka ce, kamfanin Schwinn na Chikago ya fito da keke mai irin wannan ƙatuwar taya a 1933, inci 26 faɗinta inci biyu da ɗan ɗori, don yara su yi ta dukan sa bai lalace ba. Can wajen shekarun 1970 mutanen bakin teku a Kalifoniya suka tono tsofaffin suna yawo da su, daga nan sunan kuruza, wato keken yawon shan iska, ya bi shi. Wato dai an yi shi ne don shimfiɗaɗɗen wuri da tafiyar da ba gaggawa, kuma in ka cire Dala da Goron Dutse ai Kano shimfiɗe take.

Satin farko gwiwoyina suka hana ni barci. Na kai shi wajen wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu, tun muna yara yake ƙarƙashin bishiyar nan, nace Baba ko dai na tsufa da abin nan ne? Yace hau in gani. Ina hawa yace sirdinka ne yayi ƙasa, ka sauke shi don ƙafarka ta taɓa ƙasa saboda tsoro, to gwiwa ce ke biya. Ya sa na ɗora diddige kan feda tana can ƙasa, ya dinga ɗaga sirdin har sai da ƙafata ta miƙe, sannan ya ɗaure. Wallahi kwana uku ciwon ya tafi. Ko sisi bai karɓa ba ranar, kuma duk abin da na kashe wa keken nan daga baya babu wanda ya kai wannan amfani. Sirdin kansa na sauya shi da mai faɗi mai sifirin biyu a ƙasa, don in kana zaune a miƙe duk nauyinka kan mazaunai yake sauka, kowane rami sai ka ji shi har ƙugu.

Sai birki, nan ne nake so duk mai sha'awar irin keken nan ya tsaya ya karanta da kyau. Ba shi da birkin hannu ko ɗaya, a cikin cibiyar ƙafar baya birkin yake, feda zaka taka baya ya tsaya. Abin da daɗi in ka saba, ba waya ba roba, ruwan sama ma bai cika damunsa ba. Amma duk ƙarfinsa ta sarƙa yake bi. Ran nan da yamma ina gangarowa daga gadar Ƙofar Nassarawa na faɗa wani rami sarƙa ta zame, na taka baya naji wayam, ga adaidaita a gabana yana sauke fasinja. Da takalmi na ja ƙasa har Allah ya tsayar da ni, jikina na ta rawa na kusa minti goma a gefen titi. Washegari aka sa min birkin hannu a ƙafar gaba. Baba ya kuma nuna min wani ɗan ƙarfe da ya fito daga cibiyar aka ɗaure shi jikin keken da noti ɗaya, yace in wannan ya kwance birkin baya ya tashi aiki, tun daga ranar duk Juma'a sai na sa sifana na taɓa shi, na kuma duba ko sarƙar ta saki.

Giya ɗaya gare shi, hawa gada kuwa aiki ne ga mai shekaruna. Faifan gaba haƙora 44 ne na baya 18, muka samo mai 22 aka sa a baya aka ƙara wa sarƙa tsawo kaɗan. Gudu ya ragu, feda tayi laushi, ni kuma dama ba tsere na fito ba.

Wani abu da ya min daɗi, bakin tayar irin na mota ne, duk mai facin da ka tsaya wajensa zai baka iska, sai dai ka tsaya a kansa kar ya cika da injin nan nasu, adadin da tayar ke ɗauka na rubuce a gefenta. Kuma tayar kekunan hawan dutse mai inci 26 tana shiga, ba sai ka sha wahalar nema ba. Lokacin hunturu na daina zuba wa sarƙa baƙin mai, ƙura yake kamawa ya zama kamar yashi yana cin ƙarfe, yanzu mai kaɗan nake ɗigawa in goge da tsumma.

Kwando na fara sawa a gaba, ran da na ɗoro kwanon shinkafa biyu naji kan yana rinjaya ta, na cire na sa kariyar ɗaukar kaya a baya. Fitila fara a gaba ja a baya, masu caji, don na tuna dinamon da, kana tsayawa wuta ta ɗauke daidai lokacin da kake buƙatar a gan ka. Madubi guda a hagu. Murfin sarƙa dama da shi ya zo kuma ban yarda a cire ba, mu da muke hawa da kaftani da dogon wando mun san dalili. Hular kwano ina sawa, wasu na kallo, hula ta kuma tana cikin jaka in na isa shago in ɗora.

To amma zuciyata ba a kan waɗannan take ba, gaskiya. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa Raleigh gare shi, ƙirar Ingila, kuma yadda wasu ke ji da doki haka yake ji da shi. Kowace safiya sai ya goge shi tas, sandar an naɗe ta da roba mai launi, sirdi da riga mai tuntu, ƙararrawarsa tun daga bakin lungu muke ganewa mu fito da gudu mu karɓi ledar da ya rataya. Keken an sayar bayan rasuwarsa ina makaranta, ban ma sani ba sai da na dawo hutu, kuma abin ya daɗe a raina. Da na fara gyaran nawa sai naga hannuna na yin abin da nasa ke yi. Na shiga kasuwar Kurmi wajen dukawa na kai musu awo, suka ɗinka min rigar sirdi ta jar fata da ƴar jaka da nake ratayawa a bayansa, sifana da kayan faci ke ciki. Mariƙin hannu ma fata aka naɗa, ya fi roba daɗi in rana ta buɗe.

Ƙararrawa ce ta ba ni wuya, na zamani duk ƙararsu siririya ce kamar ta wasan yara, ni kuma irin ta da nake nema mai kiririn nan. Da na kai wa Hajiya mahaifiyarmu keken ta gani ta zaga shi ta shafa rigar sirdin bata ce komai ba, ta shiga ɗaki ta daɗe, sai gata da wani tsohon gwangwani, ashe ta cire ƙararrawar kafin a tafi da keken ta ajiye duk shekarun nan. Tayi tsatsa ta ƙi motsi. Baba mai gyaran keke ya jiƙa ta a kananzir kwana biyu ya buɗe ya sa mata giris ya ɗaura min a dama. Yanzu in na shigo layinmu da magariba sau biyu nake kaɗawa, ƙaramar ƴata ce ke fara fitowa.