Ranar gwajin apt, dnf da pacman a Samaru

Laraba. Yau na yini a ɗakin koyar da kwamfuta da ke Samaru, muna tantance tsarin Linux da za a ɗora wa ɗalibai: Debian mai apt, Fedora mai dnf, ko Arch mai pacman, wato manhajojin da kowanne ke girka fakiti (ƙunshin manhaja) da su. A Zariya abu biyu ke raba gardama: wanne ke tashi lafiya idan aka ɗauke wuta yana tsakiyar girka fakiti, kuma wanne ke tausaya wa data. Don haka da gangan muka riƙa zare wayar wuta ana cikin sabuntawa.

Debian ta dawo da ƙorafin cewa an katse dpkg, wato manhajar da apt ke amfani da ita wajen girka fakiti. Gyaran bai da wuya: sudo dpkg --configure -a, sai sudo apt --fix-broken install. Dalili kuwa, dpkg yana rubuta matsayin kowane fakiti a /var/lib/dpkg, ko an buɗe shi kawai ko an gama saita shi, shi ya sa yake ɗorawa daga inda ya tsaya. Fakitin da saukarsa ta yanke ma yana nan cikin /var/cache/apt/archives/partial, ba a faro shi daga tushe.

Fedora ta bar tsoho da sabon fakiti ɗaya zaune tare a rajistar rpm, wato inda take rubuta fakitocin da aka girka. dnf check ya nuna su, dnf distro-sync ya daidaita. Abin da ya fi burge ni a dnf shi ne dnf history undo, wanda ke warware girkawa ɗungurungum. Amma yana da cin data, domin jerin fakitocin da yake saukewa kafin ya fara komai yana da nauyi, kuma yana goge abin da ya sauke sai an sa keepcache=True a /etc/dnf/dnf.conf.

Arch ce ta ba mu aiki har bayan azahar. Sauri kam babu kamar pacman. Sai dai idan wuta ta tafi ana sabunta fakitin linux, wato zuciyar tsarin, an riga an cire tsohon daga /boot, sabon kuma sai a ƙarshen aiki ake ajiye shi. Injin ya ƙi tashi sam. Sai da muka kunna shi da filash, muka shiga cikin tsarin da ya lalace da umarnin arch-chroot, muka goge makullin /var/lib/pacman/db.lck, sannan muka sake pacman -Syu tare da girka linux. Ɗalibin da ya fara jiya ba zai iya wannan ba. Kuma kada a kuskura a yi pacman -Sy a girka manhaja guda kawai; Arch ba ta yarda da rabin sabuntawa ba, manhajoji kan karye.

Bayan la'asar muka tsaya a kan Debian. Mun sa apt-cacher-ng, manhajar da ke ajiye fakitocin da aka sauke, a injin malami, sauran injuna kuma aka rubuta musu adireshinsa da lamba 3142 cikin /etc/apt/apt.conf.d/, ta yadda fakiti sau ɗaya zai sauko daga intanet, kowa ya ɗauka daga injin malamin. Rumbunan fakiti da ke kan https ba sa ajiyuwa ta wannan hanya, sai a bar na Debian a kan http, tunda sa hannun da ke jerin fakitocin ne ke tabbatar da sahihancinsu.

Ƙa'idar da na rubuta a allo: a fara saukewa da apt-get -d dist-upgrade, girkawa kuma sai janareta na aiki ko batir ya cika. Gobe za mu gwada apt-offline domin injunan da babu intanet a kansu.