Fankar motar rimot: ƙasa za ta hura ko sama?

Shagona ƙarami ne, a wajen Mabera a Sakkwato, kuma da gyaran rediyo, tocila da fankar caji na fara. Motocin rimot daga baya suka shigo, yanzu kuma sun kusa cinye teburin. Ba waɗancan na leda da ake saya wa yara da Sallah nake nufi ba, waɗanda in sun karye sai shara. Ina magana ne a kan masu gudu na gaske, masu wani irin batirin caji da ake kira LiPo, irin su WLtoys da matasa ke yin oda daga Sin, da kuma Traxxas ko Arrma ɗaya-ɗaya da wani zai dawo da ita daga Dubai. Kowane sashe nasu ana kwance shi a sake, shi ya sa akwai abinci a gyaransu.

Mafi yawan abin da ke kawo su wurina zafi ne. Mota tana cikin gudu sai ta tsaya cak, a bar ta ta huta, ta sake tashi, ta sake tsayawa. Mai ita zai ce batir ne. Sau da yawa batirin lafiyarsa lau. Akwatin da ke sarrafa gudu ne, wanda kowa ke kira ESC, ya ɗauki zafi har ya yanke wuta don kada ya ƙone. A saman akwatin nan akwai ƙarfen alminiyon mai tsaga-tsaga da ke janye zafi, a kansa kuma ake ɗaura 'yar fanka, yawanci mai faɗin milimita 25 ko 30. A kan 'yar fankar nan ake tafka gardama a shagona fiye da komai.

Ni dai matsayina a fili yake: fanka ta hura iska ƙasa, kan ƙarfen. Iskar da fanka ke turawa tana fita a dunƙule, da ƙarfi, ta shiga har gindin tsagogin inda zafin yake, sannan ta watse ta gefe. In aka juya ta tana zuƙa, daga ko'ina take jawo iska, kuma ta inda ya fi mata sauƙi, wato ta gefen fanka da saman ƙarfen. Gindin tsagogin sai ya samu kaɗan. Mai shan kunu da zafi hurawa yake yi, kuma kowa ya san in ya tsaya zuƙar iska a bakin ludayi zai daɗe bai sha ba.

Gane gaba da bayan fanka ba wuya. Juya ta a hannu. Fuska ɗaya fukafukai kawai za ka gani. Ɗayar akwai sanduna uku ko huɗu na roba da suka riƙe tsakiya, nan ne kuma sitika take, nan waya ke fita. Iska ta fuskar sitika take fita. Saboda haka sitika ƙasa, tana kallon ƙarfen. Wasu fankokin suna da 'yan kibiyoyi biyu a gefe, ɗaya na juyin fukafukai, ɗaya na hanyar iska, amma ƙananan nan da ake kawo mana ba kasafai suke da su ba. Matsalar ita ce ido ya fi son sitika a sama, ta fi kyan gani, sunan kamfani yana sheƙi. Da yawa daga motocin da aka taɓa kwancewa a gida haka nake samun su.

Wani matashi ya kawo tasa da azahar, ransa a ɓace, ya ce sabuwar fanka ya sa amma babu abin da ya canza. Yaron shagona ya cire murfi, ya kalla, ya ce, "Maigida, wagga hwanka sama taka huri." Matashin ya ce shi bai yarda ba, ai yana jin iska a hannunsa. Na ce wa yaron ya kunna tsinken turare. Muka kawo shi gefen ƙarfen, hayaƙi ya shige ta gefe ya fito ta saman fanka, yana tashi miƙe. Aka kwance kusoshi, aka kifa ta, aka sake kawo turaren daga sama. Hayaƙin ya nutse cikin tsagogin ya fito ta ɓangarorin biyu. Matashin ya ce, "To Malam, da na musanya jar waya da baƙa ba sai ta juya baya ba?" Na ce ko kusa. Waɗannan fankokin suna da ɗan allon lantarki a ciki, hanya ɗaya suka sani. In ka juya musu waya ko dai su ƙi tashi, ko su ƙone nan take. Jikinta ake kifawa.

Masu cewa a bar ta tana zuƙa suna da hujja, kuma ba na raina ta, don hujjar 'yan Sakkwato ce. Suna cewa fankar da ke hurawa ƙasa tana cusa yashi da ƙura cikin tsagogin, tsakuwa kuma in ta faɗa kan fukafuki sai ta karya shi. Gaskiya ne. Duk wanda ya buɗe motar da ta yi wasa a fili cikin hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, ya ga yadda ƙura ke toshe ƙarfen har ya koma kamar ba a tsaga shi ba. Sai dai mai zuƙar ma ƙurar take jawowa, ta gefe kawai take shigo da ita. Maganin da na sani shi ne a rufe saman fanka da raga mai ƙananan ido, ko da guntun ragar taga ce, sannan bayan kowane wasa a bi ƙarfen da tsohon buroshin haƙori da bulowa. Fukafuki ɗaya in ya karye, a canza fankar gaba ɗaya, don girgizar da za ta riƙa yi tana cinye tsakiyarta.

Abin da ya sa nake matsa wa maganar nan shi ne garinmu ba ya ba mu rara. Ƙarfe yana sakin zafi ne gwargwadon yadda ya fi iskar da ke kewaye da shi zafi. Moto, wato injin da ke juya tayoyi, ana so ya tsaya ƙasa da digiri 75 ko makamancin haka, domin maganaɗisun da ke ciki yakan fara rasa ƙarfi in ya haura wajen 80, kuma ba ya dawowa. Wanda ke wasa a ƙasar da iskarta ke digiri 20 yana da tazarar 55. Mu a watan Afrilu, iska ta haura 40, tazararmu ba ta wuce 35 ba, kafin ma a yi maganar zafin yashi da na cikin murfi. Fankar da aka ɗaura tana zuƙa a can wataƙila ba za a lura ba. A nan kuwa ita ce za ta tsayar da mota.

Murfin kansa abin dubawa ne. Fanka ba ta ƙirƙirar iska mai sanyi, wadda ta samu take juyawa. In murfi a rufe yake ruf, zafin moto ne zai riƙa zagayawa yana komawa kan ESC. Nakan huda 'yan ramuka a gaba wajen gilashi, da wasu a baya don iska ta samu mafita. In kuma za a ƙara fanka a kan moto, ita ma kan jikinsa za ta hura, amma a duba kada zafin da ta kora ya nufi ESC ko batir. Batirin LiPo ba ya son ya wuce digiri 60. Wuri ɗaya na yarda fanka ta zuƙa, shi ne in a jikin murfi ko akwati aka ɗaura ta don ta fitar da iskar ciki.

A kula da wutar da ake ba ta. Yawancinsu na bolt 5 ko 6 ne, a risiba, wato akwatin da ke karɓar saƙon rimot, ake soka su. Batir mai gida biyu an rubuta masa bolt 7.4, in ya cika kuma yana kai 8.4. Wanda ya haɗa fankar bolt 5 kai tsaye da shi zai ji tana kuka da ƙarfi ya ji daɗi, amma kwananta kaɗan ne.

Akwai kuma motar da ko fanka uku ka sa mata ba za ta huce ba. Matasa suna son gudu, sai su sa wa bakin moto giya mai haƙora da yawa, ko manyan tayoyi, su shiga da ita yashi mai laushi. Moto na ja da wahala, wuta na ƙaruwa, zafi na hawa. Irin wannan nakan rage wa giyar haƙori biyu ko uku, in fita da ita bayan shago ta yi gudu na minti biyar, in auna. Wanda ba shi da ma'auni ya ɗora yatsa a jikin moto. In bai iya ƙirga biyar ba ya janye, giyar ta yi masa girma, ya sake ragewa, ya kuma bar wasan sai bayan la'asar.