Teburin pinbol na kwamfuta: inda maki yake ɓoye

Sana'ata haɗa teburin pinbol ne irin na kwamfuta, wato wasan da ake buga ƴar ƙwallo a kan tebur mai gangara ana tara maki kafin ta faɗi ƙasa, ni da yaran da suke aiki tare da ni. Mu yanka katako mu yi akwati, mu kwantar da babbar sikirin ta zama filin wasa, wata ƙarama a tsaye a baya tana nuna maki, sai kwamfuta a ciki da maɓalli ɗaya dama ɗaya hagu na buga filifa, wato ƴan hannayen nan biyu na ƙasa da suke dukan ƙwallo. Yawanci Visual Pinball muke sawa, manhajar da ta fito tun 2000 kuma kyauta ce, sabon zubinta na X ya zo a 2015, wasu kuma sunfi son Pinball FX na kamfanin Zen Studios na ƙasar Hungary saboda tun 2018 lasisin tsofaffin teburan Williams, kamfanin da ya ƙera teburan pinbol na ƙarfe, yana hannunsu.

Toh duk wanda muka kai wa tebur, bayan ƴan kwanaki sai ya kira, tambayar ɗaya ce, wai maigida me yasa ƙwallona baya daɗewa, ko dai wasan nan sa'a ce kawai? Wannan maganar ta sa'a tana min ciwo gaskiya. Ba yau aka fara ta ba, a birnin New York na Amurka an haramta pinbol tun 1942 an ce caca ce, sai a 1976 wani Roger Sharpe ya tsaya gaban ƴan majalisar birnin ya faɗi layin da zai jefa ƙwallo kafin ya harba kuma ta shiga nan ɗin, sannan aka ɗage dokar. Iyawa ce, kuma ana koyonta.

Amma kafin in zargi hannun kowa sai na fara duba nawa aikin, domin a tebur na kwamfuta babban abokin gaba shine jinkiri tsakanin danna maɓalli da ɗagawar filifa. Sikirin mai sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, kowane hoto yana cin kusan kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa, mai 120 kuma rabin haka, zaka ce ai wannan ba komai bane amma wallahi yatsa yana ji. Ga talabijin na zamani da suke gyara hoto kafin su nuna shi, in baka shiga saiti ka kunna yanayin gem ba to kullum a makare kake bugu, ka ɗauka kai ne baka iya ba alhali talabijin ce take riƙe maka hoto. Shi yasa bana barin tebur ya fita sai na tsaya na buga da kaina naji filifa tana tashi tare da yatsana, kuma waya nake ja wa maɓallan, bana yarda da marasa waya.

In tebur ya zauna daidai, abu na farko da nake hana mutum shine buga filifa biyu lokaci ɗaya. Kowa da haka yake farawa, ƙwallo na gangarowa sai tsoro ya kama shi ya danne duka biyun, bai san in sun ɗaga tare ƙofar tsakiya, wato ratar da ke tsakaninsu inda ƙwallo take faɗawa, ƙara faɗi take ba. Ɗaya zaka buga, wadda ƙwallon ta zo wajenta.

Na biyu, kuma nan ne duk maganar take, ka koyi tsayar da ƙwallo. Ka ɗaga filifa ka riƙe maɓallin, ƙwallon da ta zo a hankali zata gangaro ta kwanta a gindin filifar tayi shiru, toh daga nan wasa ya dawo hannunka, ka numfasa, ka ɗaga kai ka karanta abinda ƙaramar sikirin take cewa, ka duba wace fitila ce take ƙiftawa, ba wanda yake korarka. Sannan ka saki maɓallin ƙwallo ta fara mirginowa ka buga. In ka buga da wuri tana kusa da gindi zata tafi sama ta ɓangaren filifar, in ka bari ta kai baki zata tsallaka ɗaya ɓangaren. Kowace gada, wato hanyar da ƙwallo take hawa, da kowane rami a teburin yana da nasa gurbin a jikin filifa, kuma a kwamfuta gurbin baya canzawa tunda ba roba da zata saki ba ƙura da zata taru, abinda ka haddace yau shi zaka tarar gobe. Wannan gata ne da masu teburin ƙarfe basu da shi.

Akwai wata dabara da mutane suke ƙin yarda da ita sai sun gani da ido, wato ka ƙyale filifa a kwance kada ka taɓa komai. Ƙwallo ta sauko da ɗan gudu ta daki tsakiyar filifar dama, sai tayi tsalle da kanta ta faɗa kan ta hagu gudunta ya mutu, ka ɗaga ka kama ta. Ina kama hannun mutum in riƙe ince bari ka gani, zaka ji yatsunsa suna motsi suna son dannawa, in ƙwallon ta tsallaka lafiya sai kaga ya buɗe baki. Sai dai ba kowace manhaja take yinta iri ɗaya ba, kowace da yadda ta lissafa tsallen roba, don haka ka gwada a teburinka tukunna.

Girgiza tebur kuma ba maguɗi bane, cikin wasan yake. Muna sa wata ƴar na'ura a cikin akwatin mai jin motsi, in ka tura da tafin hannu ƙwallon cikin sikirin zata ji. Amfaninta a lungunan gefe ne inda ƙwallo take zurarewa, kuma kafin ta yanke shawara zaka tura, tana kan ɗan ginshiƙin tana lilo, in ta riga ta shiga lungu an gama. Yawancin tebura gargaɗi biyu suke bayarwa, na uku filifa su mutu, ƙwallon ta tafi kuma bonas, wato ƙarin makin da ka tara a kanta, ya tafi. Don haka in kasan ka tara bonas mai kauri kuma kaci gargaɗi biyu, gara ka bar ta ta faɗi.

Sauran kuma sanin dokar tebur ne. Kowane tebur akwai inda aka zuba makinsa, mutum zai yi minti goma yana dukan bamfa, ƴan dunƙulen nan da suke tunkuɗe ƙwallo, yana jin ƙara yana murna, wani yazo da harbi biyar masu kyau ya wuce shi. Ɗauki Attack from Mars na 1995 da Medieval Madness na 1997, duka zanen Brian Eddy, abin da yafi jan ido a tsakiya yake, jirgi a ɗaya fada a ɗaya, kuma akwai maki a wurin sosai, amma harbin tsakiya yana son dawowa ta tsakiya, shi yasa nafi son mutum ya kai masa hari lokacin da fitilar ceton ƙwallo take kunne ko lokacin maltibol, wato sa'ad da tebur ya sako ƙwallaye da yawa lokaci ɗaya. Shi maltibol, da ƙwallaye uku suka fito kada ka ruɗe ka hau bugu barkatai. Daƙiƙun farko tebur yana dawo maka da duk wadda ta faɗi, toh a nan zaka yi kasadarka, in fitilar ta mutu sai ka kama ɗaya ko biyu ka ajiye a filifa ɗaya, ɗayar filifar kuma kana harbin jakpot, wato babban maki, da ita. In teburin ya yarda ka kunna wani aiki mai lokaci kafin maltibol ya fara to ka kunna, harbi ɗaya ya biya ka sau biyu.

Ga mai saye sabon shiga, nakan sassauta masa na'urar girgiza kaɗan in saita masa ƙwallo biyar maimakon uku, ince ya zaɓi tebur ɗaya tak ya zauna a kansa ya bar sauran ɗaruruwan da ke cikin kwamfutar. In ya kira yace yanzu yana iya tsayar da ƙwallo ya harba gadar hagu sau uku a jere da niyya, sai in turo yaro ya mayar masa da saitin yadda ake bugawa a gasa.