Asabar a Agege, ni da Kawu da jirginsa

Da hantsi na bar Mile 12 zuwa Agege don duba Kawu, ƙafarsa ta sake kumbura. Cunkoson Ikeja ya riƙe ni kusan awa biyu cikin danfo. Na tarar da shi kan tabarma a ƙofar ɗaki, rediyo a gefe. Muna cikin gaisawa sai wani jirgi ya taso daga filin Murtala Muhammed, ya bi ta saman gidan. Kawu ya kasa kunne, ya ce, "Wannan na fasinja ne, ɗana. Da namu ne, kafin ka ɗaga kai ya wuce."

Namu ɗin shi ne Alpha Jet. Shekaru Kawu ya yi yana gyaransa a sansanin sojin sama na Kainji, kuma yau bakinsa ya buɗe. Ya ce ƙasashe biyu suka haɗu suka ƙera shi, kowacce da bukatarta: Faransa tana son jirgin koyar da matuƙa, Jamus ta Yamma tana son ƙaramin jirgin kai farmaki. Kamfanonin Dassault da Dornier suka yi aikin, ya fara tashi a 1973. Kujera biyu, inji biyu ƙirar Larzac, gudunsa wajen kilomita 1,000 a awa, bai kai saurin sauti ba. Najeriya ta sayi 24 a shekarun 1980.

Abin da ya taɓa ni shi ne nauyin da aka ɗora wa wannan ɗan jirgi. Shi ya yi wa dakarun ECOMOG, sojojin kiyaye zaman lafiya na Afirka ta Yamma, rumfa ta sama a Laberiya, musamman a 1992 da mayaƙan madugun 'yan tawaye Charles Taylor suka tasar wa Monrovia, babban birnin ƙasar, daga baya kuma ya yi aiki a Saliyo. Da Boko Haram ta taso, shi aka sake kakkaɓewa aka tura Arewa maso Gabas. An daina ƙera shi tun 1991, amma a Yulin 2021 yana bakin aiki a Zamfara lokacin da 'yan bindiga suka harbo guda. Matuƙin, Abayomi Dairo, ya cilla kansa waje da kujerarsa, ya tsira.

Nan Kawu ya yi shiru. Can ya ce kujerar nan wani ne ya duba ta da hannunsa kafin jirgin ya tashi, kuma babu mai sanin sunansa. Na kalli yatsunsa, duk tabon ƙuna. Wallahi sai da idona ya cika.

Inna ta kawo tuwo da miyar kuka, muka ci tare. Bayan La'asar na yi sallama, sai ya riƙe hannuna ya ce in samo masa hoton jirgin a intanet, a wanke babba, mai tambarin kore da fari a jiki. Litinin zan kai shagon hoto, in sha Allah, in haɗo masa da maganin ƙafar.